Ƙwallon dabino ɗari da kati 52: littafin aikina kan lissafin poka

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Na buɗe littafin nan ne don kada wannan aikin ya bi sahun 'yan uwansa, waɗanda nake farawa da zafi, bayan mako biyu a neme su a rasa.

Abu biyu suka tayar da ni. Na farko 'yan ajin ƙarshe na sakandaren da nake koyar da lissafi. Duk shekara in muka iso babin yiwuwa, wato lissafin sau nawa cikin nawa abu zai faru, sai in shiga ba su labarin jaka mai jajayen ƙwallaye uku da shuɗɗa biyar, su kuma su shiga hamma. Ban ga laifinsu ba, don ba wanda ya taɓa kwana da zullumin ƙwallon da zai fito daga jaka. Na biyu ƙanena. Ran Talata ina lalube aljihun rigarsa ina neman makullin babur, sai hannuna ya faɗa kan doguwar takarda irin ta masu cacar ƙwallo, wasa goma a jere. Ban ce masa uffan ba tukuna. Faɗa an yi masa ya fi a ƙirga. Ni da lissafi nake so in zo masa, kuma sai na fara zama gwani a kai.

Poka, wani wasan karta, na zaɓa saboda ita ce ta fi kama da rayuwar kasuwa. A dara komai a fili yake, gwani ne kawai ke ci. A ludo kuwa ɗan lido ne sarki. Ita poka tana tsakiya: ka san abin da ke hannunka, ba ka san na abokin karawarka ba, kuma dole ka yanke shawara yanzu, ka biya farashinta.

Mu huɗu ne. Ni, da telan bakin layinmu a nan Kabuga wanda ya ba mu aron bencin shagonsa, da abokina mai gyaran waya a Farm Centre, da ɗan maƙwabcinmu mai karatun kwamfuta a jami'a. Sharaɗi na farko, wanda na rubuta a bangon littafi da jan biro: ba kuɗi, ba abin da ya yi kama da kuɗi, ko shayi da burodi ba a sa wa. Kowa zai karɓi ƙwallon dabino ɗari, in an tashi a mayar da su gwangwanin madara.

Lahadi, 19 ga Janairu

Jiya ko rabo ɗaya ba mu yi ba, gardama ta cinye daren.

Kati 52 ne, gida huɗu, kowane gida 13. Gidajen mun sa musu zuciya, lu'ulu'u, mashi da fure. Manyan kuwa as, sarki, sarauniya, sai na huɗunsu da tela ya laƙaba wa dogari. Ina cikin karanto musu jerin hannuwa daga babba zuwa ƙarami, na zo inda kati biyar 'yan gida ɗaya suka fi biyar masu bin juna a jere, sai tela ya ajiye almakashi. Ya ce, "Malam, wannan Turawa sun yi kuskure. Haɗa biyar, shida, bakwai, takwas, tara ai ya fi wuya. Gida huɗu ne kacal fa."

Ido ma abin da zai gaya maka ke nan. Sai muka juya bayan kwalin yadi muka ƙirga. Hannun kati biyar iri nawa ne gaba ɗaya? 52 sau 51 sau 50 sau 49 sau 48 ya ba da 311,875,200. Amma kati biyar ɗin nan ana iya jera su ta hanya 120, kuma duk hannu ɗaya ne, don haka a raba: 2,598,960. 'Yan gida ɗaya: zaɓen 5 cikin 13 hanya 1,287 ne, sau gida huɗu 5,148, a cire 40 da suka haɗa gida da jere, saura 5,108. Masu jere kuwa mafari goma ne, kowane kati na iya fitowa daga gida huɗu, 10,240 ke nan, a cire 40 ɗin nan, saura 10,200. Jere ya kusa ninka gida ɗaya yawa, shi ya sa ya fi shi araha.

Tela ya daɗe yana kallon kwalin. Ya ce to ashe darajar hannu ƙarancinsa ne, kamar shadda. Na ce sak.

Abin da ya ba ni mamaki ni kaina: hannuwa 1,302,540, wato fiye da rabi, ba komai a cikinsu, ko tagwaye, wato kati biyu masu lamba ɗaya, babu. Masu tagwaye ɗaya 1,098,240. Babban hannun nan da ake zuzutawa, goma zuwa as 'yan gida ɗaya, guda huɗu ne rak, ɗaya cikin 649,740. In muna raba kati biyar-biyar sau talatin kowace Asabar, jikokina ma ba lallai su gan shi ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun fara irin wadda aka fi yi a duniya, Texas Hold'em. Kowa kati biyu a ɓoye, sannan a buɗe biyar a tsakiya na kowa da kowa: uku tare, sai na huɗu, sai na biyar, kuma kafin kowace buɗewa ana zuba dabino a ƙwarya. Ko ka bi, ko ka ƙara, ko ka kife katinka ka haƙura da abin da ka riga ka zuba.

Kati biyun farko iri 1,326 ne. Tagwaye ko wane iri 78 ne, sau ɗaya cikin 17. As biyu kuwa 6 ne, sau ɗaya cikin 221.

Matsalar yau cakuɗa kati. Hunturu ya busar da hannuwa, sabon kati sai santsi, mai gyaran waya ya yi masa wata 'yar girgiza sau biyu ya raba. Sau uku sarakunan da suka haɗu a rabon baya suna sake fitowa kusa da juna. Duk lissafin da nake yi ya ginu ne kan cewa kati ya gauraya sosai. Masana biyu a Amurka, Dave Bayer da Persi Diaconis, sun nuna a 1992 cewa irin cakuɗar da ake raba kati biyu a saƙa su cikin juna sai an yi kamar sau bakwai kafin ya gaurayu yadda ya kamata. Mun mayar da ita doka. Ɗalibin ne mai ƙirgawa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yau aka yi mini dariyar da har mai shayin tsallake ya leƙo.

Ga yadda abin ya kasance. An buɗe kati huɗu, biyu a cikinsu zuciya. Ina riƙe da zuciya biyu, ke nan ina da huɗu, ina jiran ta biyar. Ƙwarya na da dabino 30. Tela ya ƙirgo 30 ya zuba, ya kuma naɗe hannu yana kallon rufi.

Na ce su ba ni minti ɗaya. Zuciya 13 ce, na ga huɗu, saura 9. Waɗannan nake kira katunan ceto. Katin da ban gani ba 46 ne, wato 52 a cire biyun hannuna da huɗun tsakiya. Tara cikin 46 kashi 19.6 cikin 100 ne, kusan sau ɗaya cikin biyar. To farashin fa? Zan zuba 30 don in ci 60. In na zuba, ƙwarya ta zama 90, nawa a ciki 30, wato sulusi. Kafin bin ya biya kansa sai ina ci sau ɗaya cikin uku, ni kuwa ɗaya cikin biyar gare ni. Na kife.

Ashe mai gyaran waya ma zuciya biyu yake riƙe da su. Shi ko tunani bai yi ba ya bi. Aka buɗe na biyar: takwas ɗin zuciya. Ya kwashe ƙwarya tas. Da ya juya katina ya ga zuciyata ta fi tasa girma, sai ya faɗi kan buhun ƙyallaye yana riƙe ciki. "Malam, sa'a ta fi manyan kaya! Ka tsaya lissafi, rabo ya wuce ka."

Ban ji daɗi ba, ba zan ɓoye ba. Na dawo gida na zauna da fitilar waya na sake bi. A ce wannan yanayin ya maimaitu sau 46, kowane katin da ban gani ba ya fito sau ɗaya. Sau 9 zan ci 60, jimla 540. Sau 37 zan yi asarar 30, jimla 1,110. Giɓin 570 ne, wato duk lokacin da na bi ina zubar da dabino 12 da ɗoriya a matsakaici, har da ranakun da na ci. Da tela 5 ya zuba maimakon 30, zan biya 5 cikin ƙwaryar 40, kashi 12.5 kawai nake buƙata, kuma da gudu zan bi da wannan katin dai. Katin bai canza ba, farashi ne ya canza. Ɗan Kantin Kwari ya san wannan tun yana yaron shago: ba a cewa atamfa ta yi kyau a saya sai an ji nawa.

Wani abin kuma: tunda zuciya biyu suna hannun mai gyaran waya, na gaskiya 7 suka rage a cikin 44, ƙasa ma da abin da na lissafa. Amma ban san haka ba a lokacin, kuma ba a yi wa mutum hisabi da abin da ba shi da hanyar sani. Na buɗe sabon shafi mai layi biyu, ɗaya na rubuta "shawara", ɗaya "sakamako". Na yau: shawara daidai, sakamako ƙasa.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na kama kaina da kuskure, gara in rubuta.

Akwai gajeriyar hanya da 'yan wasan ke amfani da ita: ka ninka katunan ceto sau 2 in kati ɗaya ya rage a buɗe, sau 4 in biyu suka rage. Tara sau huɗu 36, ainihin amsar kuwa kashi 35, ba laifi. Takwas sau huɗu 32, ainihi 31.5. Huɗu sau huɗu 16, ainihi 16.5. Sai ceto ya yi yawa take zamewa: 15 tana ba da 60, alhali 54 ne.

Kuskurena shi ne tun makon jiya, da an buɗe ukun farko nake cewa ina da kashi 35, in bi. Alhali dabinon da na zuba kati ɗaya kawai ya saya mini, 9 cikin 47, kashi 19. In bai zo ba tela zai sake zubawa, sai na sake biya kafin in ga na biyar. Kamar ka biya kuɗin mota zuwa Wudil ne kana lissafin ka isa Azare. Hannu huɗu na samu a littafi da na yi wannan, biyu a ciki ma na ci, na kuma rubuta musu "shawara daidai". Na goge.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Tela mutum ne mai tsoron asara ko ta dabino ce. Na bi littafi tun daga farko, ban ga inda ya yi babban ƙari kafin buɗe kati ba sai da ɗayan uku: as biyu, sarki biyu, ko as da sarki. Yau ina riƙe da sarauniya biyu ya tura rabin dabinonsa.

Da can sai in ce abu uku ne, biyu sun fi ni, ɗaya muna kusa. Amma ba daidai suke da yawa ba. As biyu hanya 6 ake haɗa su, sarki biyu 6, as da sarki kuwa 4 sau 4, hanya 16. Cikin 28, a 12 ina ƙasa sosai, ba na wuce kashi 18 zuwa 19. A 16 ina ɗan gaba, kamar 55. In aka auna duka ina wajen kashi 40. Farashin da ya sa mini ya fi haka, na kife. Ya nuna as da sarki, ya ce na ji tsoro. Wataƙila.

Abin da ya fi burge ni: da a ce ina riƙe da as guda, as biyunsa sun ragu daga 6 zuwa 3, as da sarki daga 16 zuwa 12. Katin hannuna yana ba ni labarin nasa. Wannan shi ne yiwuwa mai sharaɗi da nake shan wahalar koyarwa duk shekara, ga shi tela ya gane ta cikin minti biyar, har yana cewa daga yau zai riƙa sauya hali don kada in karance shi.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Magana ta kai kunnen Kawu. Wani ya wuce ya ga malamin makaranta da karta a hannu, ba sai an ƙara gishiri ba. Bayan la'asar ya aiko a kira ni, na tarar da shi a zaure tare da malamin da ya koya mana littattafai muna yara.

Na durƙusa na gaishe su. Kawu ya ce, "Kai da ake kawo wa yara ka gyara, kai ne a bakin titi da karta?"

Na yi bayani, na miƙa littafin. Malam ya sa tabarau ya daɗe yana buɗawa, har ya tsaya a kan lissafin 46 ɗin nan. Sannan ya karanto ayar Ma'ida ta 90 da ta 91, inda aka haɗa caca da giya, aka ce Shaiɗan na son jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninku ta hanyarsu, ya kange ku daga ambaton Allah da salla. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ba ko sisi a ciki." Ya ce ya gani, kuma bai kira shi caca ba. Amma ya tuna mini cewa a Risala da muka karanta a gabansa an hana wasan nardu (mai ɗan lido) da shaɗaranji (chess) ba tare da an ambaci kuɗi ba, kuma malamai sun yi maganganu a kan irin waɗannan wasanni. Ya ce, "Lissafin ilimi ne, riƙe shi. Zaman ne ban so maka ba. Yaron da ya hango ka daga nesa ba ya ganin dabino, karta yake gani."

Na so in yi musu, sai na tuna yadda ƙirjina ya buga ranar takwas ɗin zuciya, a kan ƙwallon dabinon da za a mayar gwangwani. Ko ba kuɗi abin yana da ƙugiya. Kuma a garin da ake shari'a tun 2000, ga 'yan Hisba na zagayawa, bai kamata in jawo wa tela magana a shagonsa ba.

Mun tsaya a kan haka: zaman Asabar ya ƙare, kati ba zai shiga aji ba, aikin zai koma takarda da kwamfuta. Mai gyaran waya ya ce dama ya san zan gudu tunda yana gabana da dabino.

Talata, 18 ga Maris

Azumi, ga zafi ya fara, aikin ya yi sanyi. Karatu kawai nake ɗan yi bayan asuba.

Ashe shi kansa ilimin yiwuwa daga wasan da aka katse ya samo tushe. A 1654 wani bafaranshe mai son caca, Chevalier de Méré, ya kai wa Blaise Pascal tambaya, shi kuma ya yi ta musayar wasiƙu da Pierre de Fermat a kanta. Mutum biyu sun yi yarjejeniya wanda ya fara cin zagaye kaza ya ɗauki duka, sai aka tashi ba a gama ba. Yaya za a raba?

Na kai wa 'yan aji ita da rigar gida: ƙungiyoyin unguwa biyu, kyautar ƙwallaye 12 ga wadda ta fara cin wasa uku, ƙarfinsu ɗaya, ba canjaras. Ɗaya ta ci biyu, ɗaya ta ci ɗaya, sai aka rufe filin. Rabin aji suka ce 8 da 4, biyu bisa ɗaya. Wasu suka ce a raba daidai tunda ba wanda ya kai. Wata yarinya a layin baya, wadda ban taɓa jin muryarta ba tun farkon zango, ta ce, "Malam, ai ta bayan sai ta ci biyu a jere, rabi sau rabi, ɗaya cikin huɗu. A ba ta 3, a ba waccan 9." Amsar Pascal da Fermat ke nan: ana raba wa ne bisa abin da ya rage a gaba. Ba wanda ya yi hamma yau, da azumi a bakinsu kuwa.

Asabar, 5 ga Afrilu

An sha Salla, mun koma aiki ni da ɗalibin. Ya rubuta ɗan shiri da harshen kwamfuta na Python wanda ke raba kati da kansa. Abin da zai ɗauke mu shekaru a bencin tela, kwamfutarsa ta gama kafin shayi ya huce, sai dai sau biyu ana ɗauke wuta batirin kuma ya tsufa, dole muka ƙarasa a wajen mai cajin waya.

Gwajin farko don mu tabbatar shirin ba ya ƙarya: zuciya huɗu, saura kati biyu, rabo 100,000. Ta ba da kusan kashi 35. As biyu da sarki biyu: kusan 82 da 18. Wato hannun da ya fi kowane ƙarfi yana faɗuwa kusan sau ɗaya cikin biyar a gaban na biyunsa.

Sai burga, wadda tun farko nake ɗauka halin 'yan tasha ce kawai, a zuba da yawa da hannun banza don a tsorata mutum ya kife. John von Neumann, wanda ya kafa ilimin dabarun wasa, ya nuna da lissafi a aikinsa da Oskar Morgenstern na 1944 cewa wanda ba ya burga sam ya yi asara, don duk ranar da ya zuba kowa ya san yana da kaya, sai a kife a bar shi. Matsalar tela ke nan. Har adadinta ana lissafawa. Ƙwarya na da 20, na zuba 20 a zagayen ƙarshe. Abokin karawata zai biya 20 don cin 40, yana buƙatar ya yi daidai sau ɗaya cikin uku. In burgata ɗaya ce cikin kowace zubawa uku, ko ya bi ko ya kife duk ɗaya ne a wajensa, ba shi da inda zai kama ni. In na wuce haka ya riƙa bi yana cina, in na gaza ya riƙa kifewa.

Mun gwada da ƙaramar pokar da Harold Kuhn ya ƙirƙira a 1950: kati uku kacal, mutum biyu, kowa ɗaya. Ɗalibin ya sa shirin ya yi ta karawa da kansa, bayan kowane zagaye yana duba abin da ya yi nadamar rashin yi, yana ƙara masa nauyi. Da farko hauka yake yi. Can sai lambobin suka lafa: na biyu in yana riƙe da mafi ƙanƙantar kati kuma na farko ya wuce bai zuba komai ba, yana burga sau ɗaya cikin uku, kuma mai fara wasa yana asarar ɗaya bisa 18 na dabino guda a kowane rabo a matsakaici komai gwanintarsa. Daidai da abin da Kuhn ya samu da alƙalami. Ba wanda ya koya wa shirin ƙarya, lissafi ne ya kai shi. Na jima ina jin wani iri game da wannan.

Irin wannan hanyar ce manya suka faɗaɗa. A 2015 masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada suka sanar da cewa shirinsu Cepheus ya kusa warware nau'in mutum biyu mai ƙayyadadden ƙari gaba ɗaya. A Janairun 2017 kuma Libratus na Jami'ar Carnegie Mellon ya doke ƙwararru huɗu a Pittsburgh cikin hannu 120,000, kwana ashirin ana yi. Adadin nan ya tsaya mini a rai. Sai da aka yi hannu dubu ɗari da ashirin kafin a yarda gwaninta ce, mu kuwa da 'yan hannuwanmu da ba su kai ɗari biyu ba mai gyaran waya har ya naɗa wa kansa sarauta.

Asabar, 19 ga Afrilu

Daren jiya na zauna da ƙanena a kan dakalin ƙofar gida. Na fito da takardar nan da na adana tun Janairu, na shimfiɗa ta a gwiwa. Ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa. Na miƙa masa wayata a buɗe a kan kalkuleta.

Na ce kowane wasa a nan, kashi nawa kake ba shi? Ya ce, "Yaya, waɗannan ai tabbas ne, manyan ƙungiyoyi ne." Na ce sa lamba. Ya ce 70. Na ce to danna 0.7 sau 0.7, har sau goma. Ya danna, ya tsaya, ya goge ya sake. 0.028. Ƙasa da uku cikin ɗari, daga wasa goma da kowannensu yake kira tabbas.

Sannan na nuna masa inda mai shagon yake cin nasa. Wasan da ɓangare biyu suke daidai, adalci shi ne a biya ninki 2. In aka ba ka 1.90, duk naira 100 da ka sa, 95 ce ke dawowa a matsakaici. Biyar ba ta da zafi. Amma in ka jera goma, 0.95 ne sau kansa sau goma, ya koma wajen 60. Naira arba'in cikin ɗari ta tafi tun kafin a busa usur, shi ya sa doguwar takarda ce aka fi yi maka talla. A poka ma haka ne, dabinon da wani ya ci na wani ne, in kuma gidan caca na yankar nasa daga kowace ƙwarya, jimlar 'yan wasan kullum ƙasa take yi.

Ya ce amma akwai wanda ya sani a Sabon Gari da ya ci har ya sayi babur, kuma shi ma watan farko ya ci. Dama ita nake jira, don mun lissafa ta ni da ɗalibin. Mutumin da ke da kashi 45 kacal a kowane zagaye, bayan zagaye 20 akwai kusan ɗaya cikin huɗu a same shi yana gaba. Bayan zagaye 1,000 kuwa damar bai faɗi ba ba ta kai ɗaya cikin dubu ba. Cikin samari huɗu da suka fara, ɗaya zai ga riba a farko ya ɗauka ya iya, shi za a riƙa nunawa, sauran ukun ba sa ba da labari.

Bai ce ya daina ba, ni ma ban nemi ya yi rantsuwa ba. Ya dai tambaye ni in wasa biyar ne fa maimakon goma. Na ce danna. Ya samu 0.168, ya yi tsaki, ya ce in tura masa lissafin 1.90 ɗin ta WhatsApp akwai wanda zai nuna wa. Takardar kuma ya bar ta a kan dakali, na mayar da ita cikin littafi.

Saura aiki biyu kafin yara su shiga jarrabawar WAEC: in mayar da shafin 1 ga Fabrairu tambayar ɗan kasuwa da dilan atamfa, ba kati a ciki, sannan in kai wa Malam ya duba kafin in buga. Gwangwanin dabino yana wajen tela, ya ce ya zuba maɓallai a ciki.